Mota, bashi da rauni: haƙƙin da doka ta bai wa mutanen Tajaye, Malbaza da Ƙonni

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Tsarnawa ta nufi Tawa ta Badagishiri, wadda mutanen yankin Tajaye ke hawa kullum, ko babbar hanya mai lamba 1 da ta ratsa Birnin Ƙonni, Malbaza da Galmi, ya san cakuɗuwar da ke kanta. Ga manyan motocin siminti da na albasa, ga bas-bas na fasinja, ga ƙananan motoci ɗauke da ƴan kasuwa har bisa rufi, ga ƴan kabu-kabu, sannan ga amalanken shanu da na jakai da ke tafiya da dare ba fitila.

Da yawa daga cikin waɗannan ababen hawa labarinsu ɗaya ne: an saye su na hannu, an biya wani kaso an bar saura bashi, wata rana kuma tsautsayi ya faɗa, a kaɗe wani ko mai abin ya kife. A kowane ɗayan matakan nan uku doka ta bai wa ɗan ƙasa haƙƙi, sau da yawa fiye da yadda yake zato. Sai dai haƙƙin yana rataye da abu biyu da aka fi sakaci da su a karkara, wato takarda da wa'adi.

Dokokin da ke aiki

Ba kundi ɗaya ba ne. Ciniki tsakanin mai saye da mai sayarwa yana ƙarƙashin kundin dokokin zaman jama'a da ake kira Code civil, wanda Nijar ta gada daga Faransa. A kansa aka ƙara doka mai lamba 2015-24 ta ranar 11 ga Mayun 2015, wadda ta shimfiɗa manyan ƙa'idojin kare haƙƙin masu saye, sai wata doka ta 2019 da ta fayyace laifuffuka da hukuncinsu a wannan fanni.

Karɓar bashi da jingina suna bin dokokin OHADA, ƙungiyar ƙasashe 17 da aka kafa da yarjejeniyar Port-Louis ta 17 ga Oktoban 1993, wadda babbar kotunta ke Abidjan. Inshorar mota, wadda a nan aka fi sani da asurans, da diyyar waɗanda haɗari ya rutsa da su, suna bin kundin CIMA na ƙasashe 14, wanda aka sa wa hannu a Yawunde ranar 10 ga Yulin 1992, ya soma aiki a 1995. Najeriya ba ta cikin OHADA, ba ta cikin CIMA, kuma wannan yana da muhimmanci ga mutanen da iyaka ke bakin ƙofarsu.

Sayen mota ko moto na hannu

A kasuwa akan ce in an saya an sayar, magana ta ƙare. Doka ba ta ce haka ba. Daga aya ta 1641 zuwa ta 1648, Code civil ya ɗora wa mai sayarwa alhakin ɓoyayyen aibi, wato aibin da ke jikin abin tun kafin ciniki, wanda ido ba ya gani, kuma ya hana abin yin aikin da aka saye shi dominsa. Injin da aka ɗura wa mai mai kauri don a ɓoye ƙararsa, ko shasin da ya taɓa karyewa aka yi masa walda aka bi da fenti, duk suna cikin wannan. Mai saye yana da zaɓi biyu: ya mayar da abin ya karɓi kuɗinsa, ko ya riƙe a rage masa farashi. Idan aka tabbatar mai sayarwa ya san aibin ya yi shiru, har asarar da ta biyo baya zai biya, kuma cewa "babu mayarwa" ba ta fisshe shi.

Amma aibin da ke fili, kamar tayar da ta suɗe ko gilashin da ya tsage, wannan na mai saye ne, don ya gani ya yarda. Sannan doka ta ce a kai ƙara cikin ɗan gajeren lokaci. Wanda ya yi wata takwas yana jigilar gero da mota, sannan ya zo yana cewa an cuce shi, zai sha wuya kafin alƙali ya saurare shi.

Matsalar da ta fi ta inji ita ce ta takardu. Kafin a miƙa kuɗi, a duba lambar shasi da ke jikin ƙarfen, a gwada ta da wadda ke kan kartigiris, a kuma ga takardar duwan idan daga waje abin ya shigo. Moton da aka tsallako da shi ta ɓarauniyar hanya yana da araha, amma ranar da ƴan duwan suka tare shi, mai riƙe da shi ne zai amsa tambaya, ba dillalin da ya ci la'adarsa ya tafi ba. Idan kuma abin na sata ne, mai shi na asali yana da shekara 3 daga ranar da aka sace don ya nemi a mayar masa, ko a hannun wa ya gan shi. Wanda ya saya a kasuwa, ko wurin ɗan kasuwar da sana'arsa ke nan, yana iya neman mai abin ya biya shi kuɗin da ya kashe kafin ya saki, amma sai ya nuna inda ya saya da nawa ya saya. Takardar ciniki mai ɗauke da sunan mai saye da mai sayarwa, lambar shasi, farashi, kwanan wata da shaidu biyu, in da hali a buga mata hatimi a ma'aikatar magajin gari ko komisariya, ita ce ke raba mai gaskiya da wanda za a tuhuma da karɓar kayan sata.

Akwai wani tarko da mutane ƙalilan suka sani. Asurans ɗin tsohon mai mota ba ya bin motar har ƙarshen wa'adin da ke kan takarda. Aya ta 41 ta kundin CIMA ta ce yana tsayawa da kansa daga kwana na biyar bayan an sayar. Sabon mai mota da ke yawo da takardar tsohon mai ita, a ganinsa saura wata shida, a gaskiya ba shi da komai. Shi ma mai sayarwa, muddin kartigiris na ɗauke da sunansa, ƙofarsa za a fara ƙwanƙwasawa idan motar ta yi ɓarna.

Bashi: abin da mai bi zai iya yi da wanda ba zai iya ba

Rashin biyan bashi ba laifi ba ne da ake ɗaure mutum a kansa. Aya ta 11 ta yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin ɗan ƙasa da na siyasa, wadda Nijar ta shiga a 1986, ta hana a kulle mutum don kawai ya kasa cika alƙawarin da ya ɗauka a ciniki. Abin da dokar hukunta laifuka ke kamawa shi ne zamba da cin amana, misali wanda aka bai wa moto ya yi aiki da shi ya je ya sayar. Saboda haka kai ƙarar bashi tsantsa wurin jandarma don a tsorata mutum, al'ada ce da ta yaɗu, amma ba aikinsu ba ne.

Hanyar da doka ta buɗe wa mai bin bashi ita ce ta kotu, kuma ba ta da tsawo kamar yadda ake tsoro. Idan bashin tabbatacce ne, an san adadinsa, lokacin biya ya yi, kuma daga ciniki ko yarjejeniya ya fito, mai bi yana iya neman alƙali ya ba da umarnin biya ba tare da an fara zaman shari'a ba. Wisiye, wato jami'in da ke isar da takardun kotu da zartar da hukunci, shi ke kai wa wanda ake bi. A nan ne ya kamata a buɗe ido. Dokar OHADA ta 1998 ta ba da kwana 15 don mutum ya ce bai yarda ba, amma sabuwar da aka amince da ita a Kinshasa ranar 17 ga Oktoban 2023, ta soma aiki 16 ga Fabrairun 2024, ta rage shi zuwa kwana 10. Wanda ya karɓi takardar ya cusa ta ƙarƙashin katifa don ba ya karanta Faransanci, in kwanakin suka wuce, umarnin ya zama kamar hukuncin da aka gama.

Ko da hukunci a hannu, kamun kaya yana da ladubbansa. Wisiye ne ke yi, ba mai bin bashi da ƴan uwansa ba. Sai an ba da gargaɗin biya aƙalla kwana 8 kafin a kama kayan da za a sayar, bayan kamun kuma mai kayan yana da wata guda ya nemi mai saye da kansa kafin a yi gwanjo. Ba a yin wannan aiki ranar Lahadi ko ranar hutu, ko kafin ƙarfe 8 na safe ko bayan 6 na yamma, sai da izinin alƙali na musamman. Wanda damina ta ƙi wa kyau yana iya roƙon alƙali ya ɗaga masa biya ko ya rarraba masa shi, har zuwa shekara guda. Wannan sassauci bai shafi kuɗin ciyar da iyali ba.

Cinikin da ya fi jawo rigima a tashoshin kabu-kabu shi ne moton da ake biya kaɗan-kaɗan. Mai sayarwa yana da damar cewa moton nasa ne har sai an cika kuɗi, amma dokar jingina ta OHADA, wadda aka sabunta a Lome ranar 15 ga Disamban 2010, ta ce sai an rubuta wannan sharaɗi, kuma kada rubutun ya wuce ranar da aka miƙa moton. Idan yaro ya gaza biya aka karɓe moton, lissafi bai ƙare nan ba. Ana kimanta darajarsa a lokacin, a cire abin da ya rage na bashi, rarar kuwa ta yaron ce. A ɗauki misali: moto na jika 600, an biya 450, saura 150, kuma a ranar da aka karɓe shi ya kai jika 350 a kasuwa. Mai sayarwa ne zai ciko wa yaron jika 200. A zahiri sau nawa ake yin haka? Yawanci moto ya tafi, kuɗin ma sun tafi, don babu takarda, babu wanda ya riƙa rubuta abin da ake kawowa kowane mako.

Wanda zai tsaya wa ɗan uwansa a banki ko asusun bada rance ya san abin da yake ɗauka. Doka tana ɗaukarsa daidai da mai bashin, in ba a rubuta akasin haka ba, wato in wancan ya gaza ana iya neman kuɗin duka a wurinsa. Kariyarsa ita ce, dole tsayawar ta kasance a rubuce, ya rubuta da hannunsa iyakar kuɗin da ya ɗauka, da baƙaƙe da kuma lambobi. In bai iya rubutu ba, sai an kawo shaidu biyu da za su tabbatar an bayyana masa ma'anar abin da yake shiga.

Ruwan bashi ma yana da iyaka. Daga 1 ga Janairun 2014 ƙasashen da ke amfani da kuɗin sefa na yammacin Afirka suka tsaida shi a kashi 15 cikin 100 a shekara ga bankuna, kashi 24 ga ƙananan cibiyoyin bada rance da sauran masu bada bashi. Mai ba da jika 100 ya ce a kawo masa ribar jika 10 duk wata, kashi 120 ke nan a shekara, ya ninka iyakar sau biyar, kuma wannan laifi ne a doka kafin ma a je ga abin da malamai ke faɗi. Game da bakanike kuwa, yana da damar riƙe motar da ya gyara har sai an biya shi kuɗin wannan gyaran, amma ba shi da damar sayar da ita ko sa ta haya.

Wasu na ganin neman a rubuta bashi rashin yarda ne da ɗan uwa. Abin mamaki ne a ƙasar da kowane almajiri ya san cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take.

Haɗari da rauni

Nan ne aka fi yin asara, kuma nan ne doka ta fi tausaya wa talaka. Aya ta 200 ta kundin CIMA ta wajabta asurans a kan duk abin hawa mai inji da ke tafiya a ƙasa. Moto da adaidaita suna ciki, ba mota kaɗai ba. Wannan asurans na dole ba ya gyara motar mai shi, aikinsa biyan waɗanda motar ta cutar. Kuma tun gyaran da aka yi wa aya ta 13 a 2011, ba ya soma aiki sai an biya kuɗinsa. Takardar da wani ya rubuta a bakin tasha da alƙawarin za a ciko daga baya, ba ta kare kowa.

Ƙa'idar da ya kamata kowa ya haddace tana aya ta 228. Duk wanda ya ji rauni, in dai ba shi ke tuƙi ba, ana biyan shi diyya ko da shi ne ya yi kuskure. Tsohuwar da ta tsallaka hanya ba ta duba ba, yaron da ya biyo akuya da gudu, fasinjan da ke bayan ɗan kabu-kabu, duk ba a ce musu "laifinku ne" a hana su. Abin da kawai ke hanawa shi ne mutum ya jefa kansa da gangan don neman cutar. Iyalin direba da na mai mota su ma ana lissafa su cikin waɗanda ake biya. Direba ne kaɗai matsayinsa ya bambanta: asurans ɗin motar da yake tuƙawa ba ya biyan rauninsa, abin da zai samu daga ɗaya motar kuma yana raguwa ko ya faɗi gwargwadon laifinsa. Idan direban ma'aikaci ne da aka yi wa rajista, asusun CNSS ne ke ɗaukar nauyinsa a matsayin haɗarin aiki.

Wani abin da kamfanoni ba sa gaggawar faɗa: ko da direban ba shi da permi, wannan ba hujja ba ce ta hana wanda aka raunata. Aya ta 210 ta ce kamfanin ya biya, daga baya ya bi mai laifin ya karɓi kuɗinsa. Idan motoci biyu ne suka yi karo, fasinja yana neman kamfanin motar da yake ciki, mai tafiya a ƙasa kuma na motar da ta kaɗe shi.

Duk wannan yana farawa ne daga konsta. Jandarma ko ƴan sanda su zo su auna, su rubuta rahoto, su ɗauki lambar mota da sunan kamfanin asurans. Doka ta ba su wata 3 su aika wa kamfanin kwafin rahoton, wanda aka raunata kuma yana da damar neman kwafinsa daga kamfanin kyauta. Mai mota shi ma ya sanar da kamfaninsa da wuri, don wa'adin da aka saba sawa kwana 5 ne na aiki, sata kuwa awa 48. Idan aka janye motoci, aka sasanta a bakin hanya, direba ya ba da jika ashirin na magani ya wuce, to an rufe ƙofar da ta fi kowace faɗi.

Takarda ta biyu ita ce ta likita. Mutanen Adar da Ƙonni sun yarda da masu ɗori, kuma ba wanda zai musa cewa akwai gwanaye a cikinsu. Amma mai ɗori ba ya ba da takardar da kamfani ko kotu za su karɓa. Wanda ya karye ya fara zuwa asibiti, ko na gunduma a Illela da Ƙonni, ko na Galmi, ko babban asibitin jiha a Tawa, a ɗauki hoton ƙashi, a rubuta masa takardar farko mai bayyana raunin da kwanakin da zai yi ba aiki. Ya adana kowace takardar magani da kowane resi. Idan jinya ta ƙare, likita ya sake rubuta wata da ke nuna abin da ya warke da naƙasar da ta zauna. A kan waɗannan takardu biyu ake gina lissafin duka. Kamfanin yana iya tura mutum wurin nasa likitan, amma sai ya sanar da shi kwana 15 kafin ranar, shi kuma yana da damar zuwa da likitan da ya zaɓa, a kan kuɗinsa.

Abubuwan da ake biya an jera su daga aya ta 258 zuwa ta 266: kuɗin jinya, bisa ma'aunin farashin asibitocin gwamnati, asarar kwanakin aiki, naƙasa ta dindindin, ladan mai kula da wanda ba ya iya yi wa kansa komai, raɗaɗin da aka sha da tabon da ya ɓata siffa, da asarar sana'a ko karatu. Ba a kimanta su da ka, akwai jadawali. Ma'aikaci yana kawo takardar albashi, ɗan kasuwa takardar haraji. Wanda ba shi da ko ɗaya, kamar manomi, makiyayi ko mai talla, ana yi masa lissafi da mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda ya daɗe a sefa 30.047 kafin a ɗaga shi zuwa 42.000 daga Janairun 2024. Gaskiya ma'aunin yana tauye manomin albasar da ke samun ninkin haka a shekara mai kyau, amma ya fi a tashi hannu rabbana.

Idan rai aka rasa, ana biyan kuɗin jana'iza, da asarar abin da mamacin ke ciyar da iyali da shi, da wani kaso na baƙin cikin rashi. Mata, ƴaƴa da iyaye suna da rabonsu, kundin kuma ya san da gidan da ke da mace fiye da ɗaya. Sai dai kamfanin zai nemi takardar mutuwa, hukuncin kotu mai nuna magada, da takardun haihuwar yara. A ƙauyukan da aure ya tsaya ga goro da fatiha, haihuwa kuma ba a kai ta ga magajin gari ba, wannan ne ke tsaida dosiye wata da watanni. Ana iya gyarawa ta hanyar neman hukuncin kotu da ke maye gurbin takardar da ba a yi ba a kan lokaci, kuma gara a soma shi tun makon farko bayan zaman makoki.

Kamfanin ba jiran roƙo doka ta ce ya yi ba, wajibi ne ya gabatar da tayin diyya. Kundin ya sa masa wa'adin yin hakan, kuma jinkiri yana jawo masa ƙarin kuɗi. Bayan an sa hannu, wanda aka biya yana da kwana 15 ya janye ta wasiƙa mai rajista, idan ya gano ba a bi lissafin kundin ba. Daga nan kamfanin yana da wata guda ya zuba kuɗi. Yarjejeniyar da ta shafi yaro ƙarami sai an nemi izinin waɗanda doka ta ɗora wa kula da haƙƙinsa, don kada wani kawu ya sa hannu ya karɓe. Idan ba a daidaita ba har wa'adin tayi ya cika, sai kotu. Haƙƙin neman diyya gaba ɗaya yana faɗuwa bayan shekara 5 daga ranar haɗari.

Motar da ba ta da asurans kuwa, direba da mai ita ne za su biya daga aljihunsu, bisa ayoyi na 1382 da 1384 na Code civil. A takarda haƙƙin yana nan daram. A aikace, yaron da moton da ya kife da shi ne dukiyarsa duka, me za a kama a wurinsa?

Maganar yafiya

Idan aka yi rashi a hanya, abin da aka saba ji daga dangi shi ne kwana ya ƙare, mun yafe. Halin kirki ne, kuma ba wanda ke son a ce ya ci kuɗin jinin ɗansa. Amma a rarrabe abubuwa uku. Tuhumar kisa ko rauni ba da gangan ba tana hannun mai gabatar da ƙara na gwamnati, yafiyar dangi ba ta tsaida ta da kanta, ko da yake alƙali na iya dubawa. Yafe wa direba abin da zai fito daga aljihunsa, wannan na dangi ne. Kuɗin kamfanin asurans kuwa ba daga aljihun direba suke fitowa ba, an riga an biya kuɗin asurans tun farko domin irin wannan rana. Wanda ya bar su bai sauƙaƙa wa direba komai ba, kamfanin ya bar wa. Sannan sau da yawa masu furta yafiyar manyan gida ne, waɗanda za su ɗanɗana rashin kuwa matar mamaci ce da marayu. Ko a fiƙihu diyyar kisan kuskure haƙƙin magada ce, kuma malamai sun yi magana mai tsawo a kan yafe rabon maraya.

Tsallaka iyaka

Daga Birnin Ƙonni zuwa Illela ta jihar Sakkwato tafiyar ƴan mintoci ce, kada a haɗa ta da Illela ta Nijar da Tajaye ke ƙarƙashinta. Da an tsallaka, kundin CIMA ya tsaya, dokar Najeriya ta karɓa. Don cike wannan giɓi ne ƙungiyar CEDEAO ta ƙirƙiro katin asurans mai ruwan ƙasa a 1982, wanda ke bin mota daga ƙasa zuwa ƙasa. Nijar, Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairun 2025. Saboda haka direban da ke shiga Najeriya ya nemi kamfaninsa ya rubuta masa ƙasashen da takardarsa ke aiki a cikinsu. Wanda motar waje ta kaɗe a cikin Nijar kuma, ya tabbatar an rubuta lambarta da bayanin katinta a konsta kafin a sake ta.

Inda ake kai kuka

Ƙaramar rigimar ciniki ko bashi takan fara ne daga fada. Dokar 2015 da ta tsara matsayin sarakunan gargajiya ta ba maigari da sarki ikon sasanta mutane, ba na yanke hukunci ba. In an daidaita, a nemi a rubuta takardar sulhu kowa ya riƙe kwafi. In ba a daidaita ba, a rubuta hakan, a wuce gaba. Akwai kotu a Illela, akwai babbar kotu a Birnin Ƙonni da Tawa. Kukan da ya shafi farashi, algus ko yaudarar ɗan kasuwa ana kai shi ma'aikatar kasuwanci ta jiha, ko ƙungiyoyin kare masu saye irin su ADDC-Wadata. Kamfanin asurans da ya ƙi amsa wasiƙa ana ƙarar sa a sashen kula da asurans na ma'aikatar kuɗi a Yamai, wanda ke aiki tare da hukumar sa ido ta CIMA da ke Libreville.

Wanda ba shi da kuɗin lauya, akwai hukumar ANAJJ da aka kafa a 2011, mai ba da shawara ta shari'a kyauta, wadda ke da ofisoshi a manyan kotuna. Mai zuwa can ya tafi da duk abin da ke hannunsa: lambar konsta, takardar likita ta farko, resi-resin magani, takardar ciniki, ko da littafin makaranta ne da aka riƙa rubuta biyan mako-mako a ciki. Ya ba da kwafi, ya riƙe na asali.